Sandunan Munzali

Wayar Raliya ce ta riga ta isa wurinsa.

Wata Alhamis ce da yamma a kasuwar Batha ta birnin Riyadh, cikin irin dogayen shagunan nan masu hawa-hawa inda ƙamshin turaren wuta ke kokawa da na shawarma. Raliya ta jingina da ƙarfen bene tana ɗaukar hoton wani yadi da za ta tura wa Ummanta, sai wani ɗan dako ya bangaje ta da kwali. Wayar ta suɓuce. Ta bi ta da ido tana juyi a iska, a ranta har ta fara yi wa kanta jaje.

A ƙasa wani saurayi na tafe yana hira da abokinsa Bature. Ko hirar bai katse ba. Hannun hagu kawai ya ɗaga, ya cafe wayar kamar dama shi aka aiko wa, sannan ya ɗago kai.

Yatsunsa ta fara gani. Babu ɗaya da ya yarda ya bi hanyar ɗan'uwansa, kowanne ya karkace ya kama gabansa. Sai tabo a girar dama, sai murmushi mai ɗan guntun haƙori a gefe. Mai hankali in ya haɗa waɗannan ukun, tsallaka titi zai yi. Ita kuwa Raliya tsayawa ta yi tana kallo, har ta manta tana da ƙafafun saukowa.

"Baiwar Allah," ya ce da ta iso, "taki ce tarhon nan?"

Dariya ta kufce mata ta bayan mayafi. Rabonta da jin an ce tarho tun kakarta na raye.

Yayarta Khalida, wadda suka fito tare, ta ƙaraso da ledoji tana haki. "Munzali? Kai ne da cafe wayoyin mutane a kasuwa?" Ta juya ga ƙanwarta. "Asibitinmu ɗaya, yana ɓangaren gashin ƙashi. Ɗan Zariya ne, amma a Ireland ya tashi. Yalla, karɓi abinki ki ce shukran."

Ta karɓa. Aka kira Magariba, masu shaguna suka shiga jawo ƙofofinsu ƙasa, kowa ya nufi alwala. Raliya ba ta tuna da shukran ɗin ba sai da suka kusa gida a unguwar Badi'a.

Munzali ya sha wahalar Khalida kafin ya samu lambar. Sai da ta ja masa rai son ranta, ta tambaye shi sallarsa da danginsa da abin da yake nufi da ƙanwarta, sannan ta ba shi. Saƙonsa na farko ya shigo Raliya na tsinke zogale.

"Assalamu alaikum Ta Bene. Ina fatan tarho ta warke daga tsoron da ta ji."

"Wa alaikumus salam. Waya ake cewa, malam. Wa ya koya maka Hausa?"

"Mahaifiyata, a kicin, a garin da babu mai jin ta sai mu. In na yi kuskure ki gyara min, ina da haƙurin koyo."

"Khalas, shi ke nan, na ɗauke ka ɗalibi. Tambayar farko: me ya sami yatsunka?"

Amsar wannan tambayar ce ta cinye musu watanni.

Yana ɗan shekara bakwai mahaifinsa ya samu aikin likita a wani ƙaramin gari a tsibirin Ireland, inda ruwan sama ba ya neman izini. Shi kaɗai ne baƙar fata a makarantar. Ba wanda ya zage shi, ba kuma wanda ya kira shi wasa, kuma ga yaro wannan na biyun ya fi ciwo. Kullum yana maƙale a katanga yana kallon yara suna wasan ƙasarsu da suke kira hurling: kowa da sanda mai faffaɗan kai, ana dukan wata 'yar ƙwallon fata mai tauri kamar goruba, tana tashi sama tana kuka.

Wani tsoho maƙwabcinsu mai suna Fintan, wanda ke koya wa yaran, ya gaji da ganinsa a katanga. Ya sassaƙa masa 'yar sanda daidai tsawonsa, ya tsayar da shi a bakin raga, ya buga masa ƙwallo. Yaron bai ƙifta ido ba. Tsohon ya ce, shi ke nan, an samu gola.

Daga ranar bai bar bakin ragar garin ba. Ya tsare ta yana yaro, ya tsare ta yana saurayi, har shekarar da suka ci kofin yankinsu, wanda garin ya yi shekaru yana mafarki. Ba a biyan kowa ko sisi a wasan, ba a kuma sayar da ɗan wasa. Inda ka tashi nan kake bugawa har gwiwarka ta ce ta gaji. Da aiki ya yi wuya a ƙasar, samari suka watse duniya, shi ma ya biyo aiki Riyadh. A nan ya tarar da 'yan Ireland masu koyarwa da masu aikin gini sun haɗa ƙungiya, suna bugawa ranar Juma'a bayan La'asar a wani fili cikin rukunin gidajen baƙi.

Raliya a Riyadh ta girma, garin da in aka yi ruwa sau uku a shekara sai a yi ta labari. Saboda haka kullum roƙonta ɗaya ne.

"Ɗan Tsibiri, ba ni labarin ruwa."

"Yau wanne kike so, Ta Bene? Akwai mai saukowa kamar gari daga rariya, ba kya jin sa sai kin ga kin jiƙe. A irinsa muka buga wasan ƙarshe. Ciyawa na ƙamshi, kowa na ihu, ni kuma ina tsaye ni kaɗai a raga ina jin bugun zuciyata. Irin bugun da na ji a Batha."

Ta karanta ta sake karantawa, ta kifa wayar a ƙirji. A tagar ɗakinta babu komai sai katangar maƙwabta da na'urar sanyaya ɗaki mai ɗiga, amma ita koren fili take gani, da wani mutum tsaye a ƙarshensa yana jiran ta. Ta kamu, kuma ta san ta kamu.

Da magana ta kai ga manya, mahaifinta Alhaji Abdussalam, tsohon ma'aikacin ofishin jakadancin Najeriya, ya ce sai an yi bincike kamar yadda aka saba. To amma wa za a tambaya? Yaron ba a Zariya ya tashi ba balle a je unguwarsu. Sai Alhaji ya ɗora aikin a kan Bashari, ɗan ƙanwarsa da ke karatun shari'a a jami'a. Kowa a gidan ya san Bashari ya daɗe yana kawo wa Raliya dabino da littattafan da ba ta roƙa ba. Kowa ban da Alhaji.

A yi wa Bashari adalci, bai yi ƙarya ba. Abin da ya gani ya faɗa, sai dai ya faɗe shi da daɗin baki. Ya bi Munzali ranar Juma'a, ya ga ya buɗe bayan mota cike da sanduna, wasu an ɗaure bakinsu da ƙarfe. Ya ga ya shige bayan wata doguwar katanga da wasu ƙarti. Ya ga ya fito kafin Magariba hannu na jini, yana dariya. Har hoton sandunan ya ɗauko.

Alhaji ya daɗe yana kallon hoton. Raliya na durƙushe a gefen Ummanta, Hajiya Iyatu.

"Abba, wasa ne fa. Ya'ani kamar ƙwallo, amma da sanda."

"Haka Dawuda ya ce min." Muryarsa ta yi ƙasa. "Wasa ne, Yaya, farauta ce kawai da abokai. Shi ma da sanduna ya fara, da tabo a fuska, da dariya. Da hannuna na sa shi a kabari."

Dawuda ƙanensa ne, wanda faɗan daba ya ci a Kano tun kafin a haifi Raliya. Ba a ambaton sunansa a gidan.

"Ba zan ba da 'yata ga mai yawo da makami ba. Magana ta ƙare."

Raliya ta yi kuka har ta gode wa Allah. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta iya jin haushin Abba ba, don ta san ba mugunta ba ce, tsoro ne.

Washegari bayan La'asar Munzali ya yi sallama a ƙofar gidan, rungume da sandunan gaba ɗaya a cikin bargo. Ya durƙusa ya gaida Alhaji, ya shimfiɗa su a kan kafet. Raliya da Ummanta na bayan labule, ko numfashin kirki ba sa yi.

"Baba, na ji abin da ya faru da ƙanenku, Allah Ya jiƙansa. Ba gardama na zo yi ba." Ya taɓa sandunan ɗaya bayan ɗaya. "Da wannan na tsare raga ranar da muka ci kofi. Wannan ta tsage, shi ya sa aka ɗaure ta da ƙarfe. Wannan ƙaramar kuwa, ita aka fara ba ni, lokacin da ba ni da aboki ko ɗaya."

"Ni ban san wannan ba," in ji Alhaji. "Sanda dai sanda ce."

"To ga su, Baba. Na ba ku. Na yi alkawari ba zan sake riƙe ko ɗaya ba sai da izininku."

Alhaji bai zaci haka ba. Ya dube shi sama da ƙasa, ya sa aka kwashe sandunan aka kulle a sito tare da tsofaffin akwatuna, ya ce zai duba lamarin nan gaba. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Da farko Raliya murna ta yi. Wace ce ba za ta ji daɗi ba a ce namiji ya ajiye abin da ya fi so saboda ita? Amma da makonni suka tura, sai ta lura saƙonnin sun fara ramewa. Yana nan da kulawarsa, yana tambayar ko ta ci abinci, sai dai ruwan sama ya ɗauke a cikinsu. Khalida ta ce a asibiti ma haka yake, yana aikinsa tsaf, amma in ya zauna sai ka ga hannun hagunsa na buɗewa yana rufewa shi kaɗai, kamar mai jiran a jefo masa wani abu.

Wata Juma'a da yamma ta rubuta masa:

"Ɗan Tsibiri, ba ni labarin ruwa."

Amsar ta daɗe kafin ta zo.

"Yau babu ruwa, Ta Bene. Amma kina nan, ya ishe ni."

Ta zauna da wayar a cinya. Ta gane ba zai taɓa yin ƙorafi ba, haka zai aure ta, ya yi ta murmushi, rabinsa na kulle a sito. Ita kuwa wanda ya cafe mata waya a Batha take so, ba ragowarsa ba.

Ta sami Abba yana shan shayi bayan Isha'i, ta durƙusa a gabansa.

"Abba, alfarma nake nema. Ka mayar masa da sandunansa."

"Kin san abin da kike faɗa? In ya koma musu, babu maganar aure."

"Na sani." Hawaye suka zubo, ba ta share ba. "Wallahi ina son sa, Abba, ban taɓa faɗa maka da bakina ba sai yau. Amma gara in rasa shi yana cikakken mutum da in same shi a haka. Kuma kai ka koya mana ba a kwana da kayan mutane a gida."

Alhaji ya ajiye kofin. Ya kalli 'yar da yake gani kamar jiya aka yaye ta. Hajiya Iyatu ce ta sa baki daga kujerarta, ba tare da ta ɗago daga ɗinkinta ba.

"Alhaji, ka aiki mai neman yarinya ya binciko maka abokin takararsa. Ni dai ban ce komai ba. Amma tunda amana ce, ka kai da kanka, ka ga wurin da idonka."

Juma'ar da ta biyo baya suka tafi su uku, sandunan na bayan mota. Mai gadi ya buɗe musu ƙofa, sai ga koren fili shimfiɗe a tsakiyar garin yashi, ana ta fesa masa ruwa ta gefe. Raliya ta ji kamar ta shigo cikin ɗaya daga saƙonninsa. Maza sanye da hulunan kwano masu waya a fuska suna ta gudu, matansu da 'ya'yansu na zaune a inuwa suna cin lemo.

Munzali ba ya cikinsu. Yana can bakin layi cikin jallabiyar Juma'arsa, yana jera robobin ruwa.

Donal, abokin nan nasa na Batha, shi ne kyaftin. Da ya ji ko su waye, ya zo da gudu ya gaida Alhaji da guntun Larabcinsa, sannan ya koma Turanci yana kai ƙara. Tun da golansu ya ajiye wasa, in ji shi, kowa cin su yake yi. Sun roƙe shi, sun ba shi aron sanda, sun ce ai dattijon ba zai sani ba. Munzali ya ce ai shi zai sani.

Alhaji ya juya ya dubi Munzali, wanda ya ƙaraso ya durƙusa a kan ciyawa.

"Kullum kana zuwa?"

"Ina zuwa, Baba. Ruwa nake ba su."

"Ba ka taɓa ko ɗaya ba?"

"Ai na yi muku alkawari."

Alhaji ya buɗe bargon da kansa, ya zaro mai faffaɗan kan nan ta ranar kofi, ya miƙa masa. "Shiga in gani."

Abin da Raliya ta gani a yammacin nan ba ta taɓa iya ba da labarinsa daidai ba. Ya sa riga da hular kwano ya tsaya a bakin raga, sai ya zama wani mutum, natsattse, mai sauƙin jiki. Ƙwallo ta taso tana kuka, ya ɗaga hannun nan na hagu ya tsinke ta a sama. Wata ta zo ta ƙasa, ya tare da sanda. Can wani ƙato ya kutso har gabansa ya saki duka da iya ƙarfinsa, Hajiya Iyatu ta rufe ido tana salati. Munzali bai kauce ba. Ƙirji ya sa, ƙwallon ta buge shi ta faɗi, ya ɗauke ta ya aika da ita can ƙarshen fili. Ƙaton da ya buga ya dawo ya dafa kafaɗarsa, suna dariya su biyu.

Da aka tashi, kowa ya bi layi yana ba abokin karawarsa hannu. Munzali ya dawo yana haki, yatsa ɗaya ya fara kumbura.

"Wa ka doka a cikinsu?" Alhaji ya tambaya.

"Babu kowa, Baba. Gola tarewa yake yi."

Alhaji ya kamo hannun, ya juya shi, yana bin karkatattun yatsun da kallo ɗaya bayan ɗaya. Idonsa ya ciko.

"Ashe duk tabon nan kai aka yi wa." Ya saki hannun, sannan ya ce, "Dawuda bai taɓa cika min alkawari ko na yini ɗaya ba. Ka ce wa mahaifinka ya kira ni."

Da suka isa gida saƙo na jiran ta.

"Ta Bene, an yi ruwa yau a Riyadh. Ke kika kawo shi."

"Ka sa ƙanƙara a yatsan nan tukuna, Ɗan Tsibiri. Nan gaba ni ce mai gasa su."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Iyayen Munzali suka zo daga Ireland, aka kama wata istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, a bayan Badi'a don walima, 'yan Najeriya da 'yan Nijar na unguwannin Jaradiya da Batha suka cika ta maƙil. Bashari ma ya zo, shi ya yi ta raba shinkafa, ya kuma nemi gafarar ango a gaban mutane, abin da ba kowa ke iyawa ba.

Lokacin da ango zai fito da amaryarsa zuwa mota, sai ga Turawa sun yi layi biyu a bakin ƙofa, kowa da sanda a hannu. Wata Hajiya ta dafe ƙirji ta fara neman takalmanta. Alhaji Abdussalam ne da kansa ya ɗaga hannu.

"Ku kwantar da hankalinku, jama'a. Al'adarsu ce. In ɗan wasansu ya yi aure, haka suke karrama shi."

Donal ya ba da alama, sandunan suka tashi sama suka haɗa kai, suka zama rumfa. Raliya ta bi ta ƙarƙashinta a hankali cikin lafayarta, hannunta cikin hannun nan mai karkatattun yatsu, ana ta guɗa a bayansu. Ta ɗaga ido ta ga fitilu na leƙowa ta tsakanin itacen, ta ji a duniya babu inda ya kai nan aminci.

A bakin mota Munzali ya durƙusa don yi wa surukinsa sallama, ya ɗan sosa ƙeya.

"Baba, da na duba bargon nan, ban ga ƙaramar ba. Ko ta faɗi a sito?"

"Ba ta faɗi ba, tana ɗakina," in ji Alhaji. "Wannan ba taka ba ce yanzu. Ajiyar jikana ce, ni zan ba shi da hannuna."

Ya ɗora tafinsa a kan Munzali, ya ɗora ɗayan a kan Raliya.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Ku tashi ku je gidanku."